Wan Mahaifiyata da Ya Koya wa Manya Tafiya

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Wan mahaifiyata ya rasu wata Alhamis bayan la'asar, a asibitin da ya yi wa aiki shekara talatin da 'yan kai. A gidanmu ba ma ce masa kawu. Rawa muke kiransa, yadda ake kiran ɗan'uwan uwa da Kanuri. Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwar, kuma na lura sunansa ya fara ƙaranci a bakinmu. Shi ya sa na zauna rubuta abin da na sani, har da wanda ba zai yi mini daɗin faɗa ba.

A gidanmu na Abbaganaram aka yi zaman makoki. Ina cikin gida tare da mata, amma yayana yana shigowa yana ba mu labarin waje. Ya ce bai taɓa ganin ta'aziyyar da aka rasa kujeru kamar wannan ba. Tabarmi ga su nan a shimfiɗe, amma da yawa daga cikin masu zuwa ba sa iya zaman ƙasa. Wani da ƙafar roba, wani da sanda biyu, wani yana jan ɓarin jikinsa. Sai da aka bi maƙwabta gida-gida ana aro.

Akwai wani mai sayar da yadi a Kasuwar Litinin da ya rasa ƙafarsa ta dama a shekarun tashin bama-bamai. Da aka fito da gawa, sai ya ce shi ma sai ya kama makara. Aka ce ya haƙura, hanyar akwai yashi.

Ya ce, "Mutumin nan wata huɗu ya yi yana mini tsawa har na tsaya da ƙafata. Ku matsa."

Aka matsa masa. Bai yi nisa ba aka karɓe shi, ya koma jikin bango yana kuka.

A cikin gida kuma wata tsohuwa ta gama addu'a, ta shafa, sai ta ce, "Allah Ya jiƙansa, amma fa ba shi da tausayi." Mata suka yi mata caa. Mahaifiyata ta ce, "Ku ƙyale ta, ba ƙarya ta yi ba." Tsohuwar ba ta kula kowa ba. Ta ɗaga hannunta na hagu tana buɗe yatsun tana rufewa. Ta ce hannun nan shekara guda ya yi a dunƙule, ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa. Ta ce sau biyu tana rantsuwa ba za ta ƙara komawa wurinsa ba, sau biyun kuma yana aiko mata da cewa yana jiranta ranar Talata.

Wata tsohuwar nas 'yar kudancin Borno, wadda suka yi aiki tare, ta zo duk kwana ukun. Mama Sista muke ce mata. Kirista ce, tana zama kusa da mahaifiyata, idan an ɗaga hannu ana addu'a ta sunkuyar da kai. Ba ta cika magana ba. Abin da na ji ta faɗa wa mahaifiyata shi ne, a shekarun da gari ya rikice, ranar da babu keken haya a titi da ƙafa yake zuwa asibiti, yana ɗaga riga a kowane shingen bincike, kuma bai taɓa isowa bayan ta ba.

Mahaifiyata kuwa ba ta yi kuka ba sai a rana ta uku. Fushi ne ya riga kukan zuwa. Duk wadda ta ce mata ta yi haƙuri, sai ta ce, "Wata biyu yana ɓoye mini ciwon ƙafar nan. Wata biyu. Shi da ya fi kowa sanin abin da take nufi."

Rawa ba likita ba ne, kuma idan ka kira shi likita zai gyara maka. Malamin wasanni ne tun asali. Yana da takardar malanta a fannin motsa jiki, ya koyar a wata sakandare, daga baya ya koma asibiti a matsayin mataimaki a sashen gashi, inda ake koya wa waɗanda suka karye ko ɓarin jikinsu ya shanye yadda za su sake motsi. A nan ya tsufa. Yara suna gama jami'a su zo da farar riga, shi zai nuna musu inda ake sa hannu a ƙugun mutum kafin a tayar da shi, bayan shekara biyu su zama shugabanninsa. Su ne masu duba majinyaci su rubuta abin da za a yi. Shi ne mai yi. Ban taɓa jin ya zagi ɗaya daga cikinsu ba. Yakan ce sun san abin da bai sani ba, su suna ganin abin da ke cikin jiki, shi abin da ke waje kawai yake gani.

Ba ya ce wa majinyaci sannu. Ya ce sannu tana da masu faɗarta, gida cike yake da su. Abin da ake ji daga bakinsa shi ne, "Cine! Tashi!" Sai ya koma gefe yana ƙirga taku da Kanuri, tilo, indi, yasku, ko da majinyacin bai ji yaren ba. Idan mutum ya ce ya gaji, sai ya ce, "Na ji. Saura biyu." Amma kafin ya taɓa kowa sai ya murza tafin hannunsa ya yi ɗumi. Kuma ba ya yarda a yaye wa majinyaci zane fiye da wurin da za a yi aiki, ko da ɗakin babu kowa.

Da yamma yakan zauna a ƙofar gida yana kallon masu wucewa, ba fuskarsu ba, tafiyarsu. Ina yarinya nakan kai masa shayi, sai ya riƙe ni ya ce, "Uwata, dubi wancan. Me ke damunsa?" Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. In ce ban sani ba. Ya ce, "Gwiwar hagu. Dubi yadda yake saurin ɗauke ta daga ƙasa." Wata rana ya tsayar da wani mai tallan ruwa ya ce masa ya sauya kafaɗa, mutumin ya ɗauka zolaya ce, suka yi ta musu a titi.

Likitanci na nema a jami'a, makina bai kai ba, aka ba ni kimiyyar motsin jikin ɗan Adam. A gida aka yi ta dariya. Yayana ya ce za a koya mini tsalle. Ƙawayen mahaifiyata suna tambayarta wai 'ya mace me za ta yi da karatun guje-guje. Rawa kaɗai ne bai yi dariya ba. Duk hutu sai ya karɓi littafina na sassan jiki, ya sa tabarau, ya yi ta bin hotunan tsoka da yatsa. Wani lokaci ya ce, "Ashe sunanta ke nan. Shekara ashirin ina matsa ta ban san sunanta ba."

Da na gama na yi bautar ƙasa na dawo, sai na zauna. Wata shida ina gida. Wata safiya ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, ya ce in zauna in faɗa masa abin da takardata take iya buɗewa, kada in ƙara, kada in rage.

Na ce ina iya koyar da wasanni da kiwon lafiya a makaranta. Ina iya yin digiri na biyu, ko a kimiyyar motsa jiki in zama malamar jami'a, ko a lafiyar al'umma. Na ce ƙungiyoyin agaji sun cika gari, kuma masu digirin lafiyar al'umma suke nema.

Ya ce, "Asibiti fa? Za ki iya duba mai shanyewar jiki ki rubuta masa abin da za a yi?"

Na ce a'a. Wannan sai mai digirin fisiyo, wato karatun gashi, da lasisi.

"Ko kin yi digiri na biyu?"

"Ko na yi na uku, Rawa. Hanyar daban ce. Sai dai in koma in shiga daga aji biyu, in sun ɗauke ni. Shekara huɗu ko biyar, sannan shekarar sanin makamar aiki."

Ya ce, "To ki koma."

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Ya ce ba wasa yake ba. Ya ce akwai mata kwance a ɗakuna a garin nan, wata tun daga haihuwa, wata hawan jini ya kayar da ita, kuma ba za a kawo su ba saboda mazansu ba sa son namiji ya taɓa su. Ya ce ya san gidajen, ya tsaya a ƙofarsu an sallame shi. Ya ce, "Kina da kai, kina da hannu, kuma ke mace ce. Abin da ya rage takarda ce."

Shekarata ashirin da shida a lokacin. Na ce zan yi tunani. Ban yi ba.

Abin da na yi shi ne wanda har yau ba na son tunawa. Wata ƙawata ta ce surukarta a Ajilari ɓarin jikinta ya shanye, an sallamo su daga asibiti, maigidan ya ce babu namijin da zai yi mata gashi. Ta ce ai ni na karanta, in zo in taimaka. Na je. Tun ranar farko 'yan gidan suka fara ce mini Dakta, ni kuma ban hana ba. Daɗi na ji. Bayan wata shida ana tambayata yaushe zan sami aiki, ga wasu suna shimfiɗa mini darduma.

Na san sunan kowace tsoka a kafaɗar matar nan. Abin da ban sani ba shi ne hannun da ya shanye ba ya riƙe kansa. Ina kama wuyan hannun ina ɗaga shi sama da kai, kamar yadda ake yi wa ɗan wasa, tana nishi ina ce mata ta daure. A mako na biyu ta daina barci saboda ciwo. Idan na shigo ɗakin sai ta juya fuska bango. Da tsoro ya kama ni, na je na faɗa wa Rawa.

Ya miƙe nan take. Ya sa hula, ya tare keke. Har muka isa Ajilari ko kallona bai yi ba. Maigidan ya ga furfurarsa, ya kuma ji kukan matarsa, sai ya bar shi ya shiga. Rawa ya sa yatsa ɗaya a saman kafaɗar ta kan mayafi, yatsan ya faɗa cikin wani rami da bai kamata ya kasance a wurin ba. Ya nemi matashin kai ya tallafe hannun, ya ce gobe da safe a kai ta asibiti, shi zai jira su a ƙofa, kuma zai nemo mace ta tsaya.

Na ɗauka an gama. Da muka fito tsakar gida, sai ya tsaya a gaban maigidan da 'ya'yansa ya kira ni da sunana na yanka. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ran nan.

Ya ce, "Faɗa musu ke wace ce."

Ya matso ya maimaita.

"Faɗa musu. Ke likita ce?"

Na ce a'a.

"Wa ya gotar da kafaɗar nan?"

Na ce ni ce. Ƙawata ta rufe fuska ta shige ɗaki. Maigidan ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Allah Ya riga Ya rubuta. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Matar ta sami sauƙin ciwon daga baya, ta kuma yi tafiya da sanda, amma hannun bai dawo ba. Ban san ko da ma ba zai dawo ba. Na tambayi Rawa sau ɗaya, ya ce shi ma bai sani ba, kuma ba zai yi mini ƙarya don in ji sanyi ba.

A hanyar dawowa a cikin keke ya sake tayar da maganar komawa makaranta. Ya ce yanzu na ga bambancin sanin suna da sanin aiki. Ni kuwa kunya ta riga ta koma fushi. Da muka sauka a ƙofar gida na ce masa na riga na nemi gurbin digiri na biyu a lafiyar al'umma a Kano, kuma in an ba ni tafiya zan yi.

Ya ce, "Gudu za ki yi."

Na ce, "Ba gudu ba ne. Ba zan koma in zauna da yara 'yan shekara goma sha takwas ba. Kuma ba zan ƙare kamar kai ba, shekara talatin kana riƙe wa sa'annin 'ya'yan cikinka tawul."

Mahaifiyata tana zaure ta ji. Ta ɗaga hannu za ta mare ni, ya ce mata ta bari. Ya dube ni ya ce, "Abin da nake faɗa miki ke nan." Ya juya ya tafi gidansa.

Da yammar nan mahaifiyata ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce yana saurayi ya nemi karatun fisiyo a kudu, lokacin babu shi a kusa da mu. Sau biyu ba a ɗauke shi ba. A na uku aka ɗauke shi, har ya ɗinka kaya, sai mahaifinsu ya faɗi ciwo. Shi ne babba, ƙannensa mata huɗu. Ya ce zai je baɗi. Ta ce daga nan bai ƙara tayar da maganar ba, su ma ba su tambaye shi ba.

Ya kamata in je in ba shi haƙuri a ranar. Ban je ba. Aka ba ni gurbin, na tafi Kano ba tare da na yi masa sallama ba. Wata bakwai ba mu yi magana ba. Idan na kira gida mahaifiyata takan ce ya tambaye ni. Daga baya na gane ita ce take ƙirƙira, don ya gaya mini da bakinsa bai tambaya ba ko sau ɗaya.

Yana da ciwon suga tun kafin ya yi ritaya. Ƙusa ce ta soke shi a tafin ƙafa bai ji ba. Ya ga ciwon, ya san mene ne, ya riƙa wanke shi da kansa yana sa safa. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa maza biyu suna aiki a wasu garuruwa, babu mai ganin ƙafarsa. Wari ne ya tona shi, ranar da mahaifiyata ta kai masa abinci. Kafin a kai shi asibiti yatsu uku sun yi baƙi. Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

Na taho a motar farko. Na same shi kwance ya juya wa ƙofa baya, ya rame har ƙashin kumatunsa ya fito. Na durƙusa a bakin gadon na gaishe shi. Na ce, "Rawa, ka yafe mini abin da na faɗa."

Ya ce, "Wanne? Ai gaskiya kika faɗa. Tawul na riƙe." Sannan ya ce, "Uwata, cire matashin nan daga ƙarƙashin gwiwata. Mahaifiyarki ce take sawa don tausayi. Gwiwar za ta ƙage."

Na cire. Iyakar yafiyar da na samu ke nan, kuma na karɓe ta.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ya ƙi tashi. Wata matashiya daga sashen gashi, wadda shi ya koya mata riƙe majinyaci, tana zuwa kullum da sanduna. Ta ce, "Baba, yau dai za mu gwada." Ya ce ta ajiye su, gobe. Goben ta zo ya ce jiri yake ji. Mai yadin nan na Kasuwar Litinin ya zo dubiya, ya ƙwanƙwasa ƙafarsa ta roba da sanda, ya yi masa tsawa da irin muryarsa, "Cine!" Duk ɗakin aka yi dariya. Rawa ya yi murmushi, bai motsa ba.

Da aka watse na tambaye shi dalili. Ya ce ya tayar da mutane da yawa, ya san idon wanda zai tashi, ya kuma san jikin da ya gama. Ya ce zazzaɓin nan da ke zuwa masa da rana ba na banza ba ne. Na ce wannan ba maganarsa ba ce, shi da ba ya karɓar uzuri. Ya ce, "Da ina ce musu na san abin da suke ji. Ban sani ba. Yatsun da aka yanke suna mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sami katifa. Akwai waɗanda na yi wa tsawa a kan wannan."

Ya tambayi yayana inda aka binne ƙafar. Yayana ya gaya masa. Ya ce to, idan lokaci ya yi kada a wahala neman kusa da ita, ko'ina ya samu.

Kwana goma sha tara na yi ina jinyarsa da rana. Sau uku kawai ya yarda ya zauna a bakin gado, matashiyar tana gabansa, ni ina riƙe da shi ta baya. Ko a nan sai da ya gyara mini hannu. Ya ce in sauke shi ƙasa, ƙugu ake riƙewa ba hammata ba.

Wata rana ya ce in gaya masa abin da ake koya mini a Kano. Na yi murna, na zauna na yi masa bayani. Na ce bincikena a kan matan da ɓarin jikinsu ya shanye ne, waɗanda ba sa komawa asibiti bayan an sallame su. Zan bi unguwanni in gano yawansu da abin da yake hana su, in rubuta, don masu tsara aiki su san inda za su sa hannu.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Aiki ne. Ban raina ba. Ni ban taɓa iya sa wani babba ya saurare ni ba, wataƙila ke su saurare ki." Na ji kamar an sauke mini kaya. Sai ya ƙara da cewa, "Amma idan kin shiga ɗakin, kin yi tambayoyinki, kin rufe littafi, matar za ta ce miki, to 'yata, yanzu me za ki yi mini? Ki tanadi amsa."

Na ce zan tura ta asibiti.

Ya ce, "Wurin wa?"

Ba mu sake yin maganar ba. Bayan kwana biyu zazzaɓin ya ƙi sauka, likitoci suka ce cutar ta shiga jini. Ya riƙa fita hayyacinsa yana dawowa. Ranar Alhamis ɗin da azahar ya buɗe ido ya ga mahaifiyata, ya tambaye ta da Kanuri ko an yi kiran salla. Ta ce an yi. Ya yi taimama a jikin bango da taimakon yayana, ya yi sallarsa a kwance. Bai ƙara magana ba. Ina tsaye a ƙarshen gadon lokacin da mahaifiyata ta shafe masa ido.

Bayan an share makoki na koma Kano na ƙarasa darussan aji. Na dawo na yi binciken. Na shiga gidaje a Ajilari da wasu unguwanni, na zauna a bakin katifu. Ba kowace ce ta yi mini tambayar da ya ce ba. Wasu ba sa iya magana. Amma 'ya'yansu sun yi, kusan a kowane gida. Wata yarinya mai aure ta biyo ni har ƙofa ta ce, "Anti, ko sau ɗaya a mako ne, ki riƙa zuwa kina motsa mata." Na ce mata ba aikina ba ne, ba ni da izinin yi. Ta ce to na gode, ta rufe ƙofar a hankali.

Wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ni aiki kafin ma sakamakona ya fito. Ina da teburi da kwamfuta, mota tana zuwa ɗaukata. Aikin yana da amfani, ba zan ce ba shi da shi ba. Duk da haka, da lokacin neman gurbi ya zo, na cike takardar shiga karatun fisiyo daga aji biyu. Ban gaya wa kowa ba sai da na miƙa. Da mahaifiyata ta ji, ta ce, "Yanzu? Yanzu da ba ya nan?" Yayana ya ce in nemi mai yi mini addu'a. Wanda zan aura ya ce ba zai hana ni ba, amma yana so in gaya masa shekara nawa zan ce ya jira.

Jami'in da ya karɓi takardun ya duba shekarar haihuwata, ya duba digirina biyu, ya ce guraben masu shiga daga aji biyu kaɗan ne ƙwarai, masu nema kuma da yawa. Ya ce in sa rai amma kada in ajiye aikina.

Makon jiya sunaye suka fito. Na duba sau uku a waya, na je na duba a allo. Babu nawa.

Na dawo gida na faɗa. Mahaifiyata ta ce alhamdu lillahi, Allah Ya zaɓa mini abin da ya fi. Yayana ya ce ya huta da jin kunya. Wanda zan aura ya kira ya kasa ɓoye murnarsa. Har maƙwabciyarmu ta leƙo ta yi mini barka, wai Allah Ya raba ni da wahala. Na zauna a tsakar gida ina amsawa. Duk dangina mutum ɗaya ne zai ji haushin wannan labari, ya ɓata rai, ya tambaye ni yaushe za a sake buɗe neman gurbi. Shi kuma mun binne shi.

Ya Allah, bawanKa ne, ya zo maKa da abin da ya aikata. Ka yafe masa zafinsa, Ka karɓi wahalarsa, Ka yalwata masa kabarinsa. Mu da ya bari, Ka kyautata ƙarshenmu.